Yadda ake hutar da dabba ba tare da azaba ba, da yadda ake gyaran haƙoran kare da kyanwa bisa sababbin ƙa'idoji

Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka, wadda aka fi sani da AVMA, ta fara fitar da ƙa'idojin hutar da dabba, wato kawo ƙarshen rayuwarta ba tare da azaba ba, a 1963, kuma tana sabunta su lokaci zuwa lokaci. Bugun 2020 ne ya maye gurbin na 2013. A 2019 kuma ƙungiyar asibitocin dabbobi ta ƙasar, AAHA, ta sabunta nata ƙa'idojin kula da haƙoran kare da kyanwa. Makarantu da asibitoci a ƙasashe da yawa da waɗannan takardu suke auna aikinsu. Ayyukan biyu ba su yi kama ba, amma kuskurensu iri ɗaya ne, wato dogaro da abin da ido ya gani. Dabba takan yi shiru alhali tana jin zafi, haƙori kuma yakan yi fari fat alhali saiwarsa ta ruɓe.

Kafin a taɓa allura

Ana hutar da dabba ne idan wahalarta ta wuce magani: karayar da ba ta ɗoruwa, ciwon daji da ya bazu, ƙodar da ta daina aiki, dabbar da ta kwanta ta kasa tashi, ko zafin da magani ya daina kwantar da shi. Likita ne zai duba ya faɗi gaskiyar halin da take ciki, mai ita ya sa hannu a takardar amincewa. A tabbatar dabbar da ke gaba ita ce wadda aka rubuta, domin wannan aiki ba a gyara shi.

Akwai tambayoyi biyu da ba a tsallakewa. Ta farko: ta ciji mutum a cikin kwana 10 da suka wuce, ko tana nuna alamun haukan kare? In haka ne, ba a harbinta a ka, saboda ƙwaƙwalwar ce ake kaiwa gwaji, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Ta biyu: ina za a kai gawar? Amsar wannan ce take zaɓar hanyar da za a bi, shi ya sa ake yanke ta tun farko.

Dabbar da ake ci, wadda ta karye yanzu-yanzu, lafiyarta ƙalau kuma ba magani a jikinta, hanyarta yanka ce, wannan kuwa da ƙa'idojinsa daban. Amma in ana zargin cutar saifa, wato antiraks, irin wadda aka tabbatar a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, to kada a yanka, kada a feɗe. Jinin da ya zuba ƙasa shi ke barin ƙwayar cutar a wurin shekara da shekaru.

Matakan allura ga kare da kyanwa

Na farko, a shirya wuri. Ɗaki marar hayaniya, shimfiɗar da ba ta santsi, mutum ɗaya mai riƙewa wanda ya iya. A ɗora dabbar a sikeli, kada a kintata nauyinta da ido.

Na biyu, a kwantar mata da hankali da allurar tsoka, a jira minti 5 zuwa 15. A nan bugun 2020 ya ja kunne sosai: kasala daban, barcin tiyata daban. Dabbar da aka yi wa zailazin kaɗai, wato allurar sa kasala, tana kwance lakwas, amma tana iya farkawa in zafi ya kai mata. Shi ya sa ba a yarda a ƙara yawan zailazin da nufin kashewa ba. Haka kuma yana sa amai, yana rage ƙarfin bugun jini har jijiya ta ɓuya. In ana son barci na sosai, a haɗa shi da ketamin, maganin barcin tiyata, sannan a gwada: a matsa fatar da ke tsakanin yatsun ƙafa da ƙarfi, in ta janye ƙafar, ba ta yi nisa ba tukuna.

Na uku, a sa kanula, wato siririn bututun roba da ake sa wa a jijiya. A aske gashin gaban ƙafar gaba, a ɗaure sama da gwiwa, a shigar da kanula, a kwance ɗaurin, a manne ta da filasta. A tura ɗan ruwan gishirin asibiti a gani. In wurin ya kumbura, kanular ba ta cikin jijiya, sai a koma wata ƙafar. Wannan gwaji ne ke raba aiki mai kyau da mummuna, domin fentobabital, maganin da ake hutar da dabbar da shi, ruwa ne mai kaifi. A cikin jijiya ba a jinsa, amma ya zuba a nama ƙuna yake yi, dabbar ta yi ƙara ta fizge, rabin maganin ya tafi a banza.

Na huɗu, maganin. Ruwan fentobabital da aka saba yi don wannan aiki yana da miligiram 390 a kowace mililita, awonsa kuwa mililita 1 ga kowane kilo 4.5 na nauyin dabba. Kare mai kilo 18 ke nan mililita 4. A karanta kwalbar kowane lokaci, domin akwai mai miligiram 200, shi kuwa awonsa ya kusan ninka wancan. A ja ƙari a sirinji na biyu a ajiye kusa. A tura a hankali ba tare da tsayawa ba. Cikin daƙiƙoƙi hankali zai gushe, numfashi ya tsaya, daga baya zuciya ta bi. Wannan jerin shi ne ma'aunin duk wata hanya da ƙa'idojin suka amince da ita: ƙwaƙwalwa ta riga zuciya.

A gaya wa mai dabbar tun kafin a fara cewa ido ba zai rufe ba, za ta iya jan dogon numfashi sau ɗaya ko biyu, tsoka ta yi rawa, fitsari ko kashi ya fita. Duk wannan yana faruwa ne bayan hankali ya tafi. Wanda ba a gaya masa ba yakan koma gida da zaton dabbarsa ta sha wuya, abin ya daɗe yana cin sa.

Idan jijiya ta ƙi samuwa, kamar a jaririn kyanwa ko dabbar da ruwan jikinta ya ƙare, ana iya zuba tsantsar fentobabital a kogon ciki, da awo ninki biyu zuwa uku. Yana ɗaukar lokaci, sai a sa ta a wuri mai duhu da shiru har ta yi barci. Allura kai tsaye cikin zuciya, hanta ko ƙoda ba ta halatta sai dabbar ta riga ta fita hayyacinta gaba ɗaya. A tsoka, ƙarƙashin fata ko cikin huhu kuwa ba a yi sam.

Inda babu fentobabital

Magani ne da hukuma ke tsare da shi, ana kulle shi ana rubuta kowace mililita, kuma a wurare da yawa ba ya samuwa. Hanyar da aka yarda da ita a madadinsa mataki biyu ce: a sa dabbar barcin tiyata cikakke, sannan a tura ruwan fotasiyam kulorayid ko na magnisiyam salfet ta jijiya. Ba a juya wannan jeri, ba a kuma gajarta shi. Fotasiyam zuciya yake tsayarwa, ba ruwansa da ƙwaƙwalwa, dabbar da ke farke za ta ji azabarsa tun daga jijiya har ƙirji. Ko a cikin barci jiki yakan yi fizge-fizge bayansa, a sanar da waɗanda ke wurin.

Abubuwan da aka haramta a fili su ne nutsarwa a ruwa, shaƙewa, ƙonawa, tura iska a jijiya, guba irin su sitiriknin da sayanayid, maganin ƙwari da sinadaran wanke-wanke, da allurar shanye tsoka ita kaɗai. Wannan ta ƙarshe ta fi kowacce yaudara. Dabbar ba ta motsi, ba ta kuka, mai kallo ya ɗauka ta tafi lafiya, alhali idonta biyu tana jin numfashinta na ƙwacewa.

Doki, saniya da sauransu

Doki mai kilo 450 yana buƙatar kimanin mililita 100 na wancan ruwa mai miligiram 390. A sa babbar kanula a jijiyar wuya, a fara da zailazin miligiram 1.1 ga kowane kilo, a jira kansa ya sunkuya. A riga a cika manyan sirinji biyu, a tura su a jere da sauri, domin jinkiri a tsakani yana sa doki ya yi tangaɗi ya zabura. Faɗuwarsa ce haɗarin. A zaɓi fili mai laushi inda mota za ta iya shiga, mai riƙe da ragama ya tsaya ta gefen kafaɗa, kowa ya ba da wuri.

Harbi a ka hanya ce karɓaɓɓiya ga manyan dabbobi in gwani ne ya yi kuma doka ta ba shi izni. Kuskuren da aka fi yi shi ne harbi tsakanin idanu. Ƙwaƙwalwa tana sama da nan, harsashin sai ya bi ta kogon hanci ya bar dabbar da rai. A saniya, a ja layi biyu a zuci, kowanne daga wutsiyar ido zuwa gindin ƙahon da ke ɗaya gefen, inda suka gitta nan ne wurin. A doki, daga wutsiyar ido zuwa gindin kunnen ɗaya gefen. Rago ko bunsuru mai manyan ƙahoni ta bayan ƙahon ake bi, a saita wajen haɓa. Bakin bindiga ba ya manne da goshi, a bar 'yar tazara. Bindigar mayanka mai ƙusa kuwa dole a manna ta, kuma a bi ta da mataki na biyu nan take, yanke jijiyoyin wuya ko fotasiyam. In an samu wurin, dabbar za ta zube a take, numfashi na yau da kullum ya tsaya, ido ya kafe. Shure-shure ba komai ba ne. Amma in tana ƙoƙarin ɗaga kai, ko tana ƙifta ido, ko tana kuka, a sake nan take.

Ga kaji, gwani yana iya gocar da ƙashin wuya da hannu, amma dokar Tarayyar Turai ta tsayar da hakan a tsuntsun da bai wuce kilo 3 ba. Ga ɓerayen ɗakin gwaji, bugun 2020 ya sauya saurin shigar da iskar kabon dayoksaid: a da kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na girman akwatin a minti ɗaya, yanzu kashi 30 zuwa 70, don a rage tsawon lokacin da suke fama da ƙuncin numfashi.

Tabbatar da mutuwa da zubar da gawa

A saurari ƙirji da abin sauraro na wasu mintoci, a tabbatar babu bugu babu numfashi. A taɓa ƙwayar ido, a matsa yatsa, a duba dasashi ya koma toka-toka. Alama ɗaya ba ta isa ba, sai an haɗa su. Sandarewar jiki ce kaɗai ke iya zama hujja ita kaɗai. In akwai kokwanto a ƙara magani.

Gawar da ke ɗauke da fentobabital guba ce. Karnuka, ungulaye da mikiya sun mutu ta dalilin cin irinta, kuma dahuwa ba ta lalata maganin. A 2017 da 2018 an janye wasu abincin kare na gwangwani daga kasuwannin Amurka saboda an same shi a ciki. A ƙona ta ƙurmus, ko a binne ta yadda ƙasar da ke samanta za ta kai aƙalla mita guda, nesa da rijiya da rafi, kuma a ranar. Naman ba na mutum ba ne, ba na dabba ba.

Gyaran haƙori

Babban kare yana da haƙora 42, kyanwa 30. Ciwon da ya fi addabarsu na dasashi ne. Yauƙin ƙwayoyin cuta yakan kwanta a haƙori cikin yini guda, in ba a goge ba ya daskare ya zama kanta, wato dattin da ya taurare a jikin haƙori, cikin 'yan kwanaki. Kantar da ake gani a sama muni kawai take ƙarawa. Ɓarnar tana ƙarƙashin dasashi, inda ƙwayoyin ke cin naman da ƙashin da ke riƙe da saiwa. An kasa ciwon mataki huɗu: na 1 kumburin dasashi kaɗai, shi ne mai warkewa sarai, na 2 an rasa ƙasa da kashi 25 cikin 100 na abin da ke riƙe haƙorin, na 3 tsakanin 25 da 50, na 4 sama da 50, wanda galibi cirewa ce maganinsa. Dabba takan ci abinci da ruɓaɓɓen haƙori ba ta nuna komai, saboda haka cin abinci ba shaidar lafiyar baki ba ne. Wari, yawan yawu, tauna ta gefe ɗaya, jini a abin wasa, kumburi ƙarƙashin ido ko atishawa da majina ta hanci ɗaya, duk suna kai mutum ga baki.

Ƙa'idojin 2019 sun tsaya kai da fata a kan cewa ba a gyaran haƙori sai da barcin tiyata da bututu a maƙogwaro. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ita ma matsayinta ke nan. Kankare haƙorin dabbar da ke farke yana fitar da fari a sama, ya bar ciwon a ƙasa, ga tsoro, ga haɗarin yanka da cizo, mai dabba kuma ya tafi da zaton an yi magani. Shawarar ita ce kyanwa da ƙananan karnuka su sami cikakken dubawa na farko zuwa shekara ɗaya, manyan karnuka zuwa shekara biyu.

Ga yadda aikin ke tafiya. A duba lafiyar jiki, a yi gwajin jini, musamman ga tsofaffi. A hana abinci na awa 4 zuwa 6 ga babba mai lafiya, ruwa kuwa ba a hanawa. A sa kanula da ƙarin ruwa, mililita 5 ga kowane kilo a awa ga kare, 3 ga kyanwa. A sa bututu mai balan-balan a hura shi daidai, a cusa gauz a bayan baki ya tare ruwa da ɓarɓashi, a karkata kai ƙasa kaɗan. A ƙirga gauz ɗin da aka sa, a ƙirga wanda aka cire. Mutum ɗaya aikinsa kawai lura da numfashi, zuciya, bugun jini da ɗumin jiki, domin ruwan da ake fesawa yana sanyaya ƙaramar dabba da sauri.

Kyanwa tana da tarko biyu nata. Abin buɗe baki mai sifirin yana wage muƙamuƙi fiye da kima, ya danne jijiyar da ke kai jini ido da ƙwaƙwalwa, wasu sun farka a makance. A yanke murfin allura gajere a sa tsakanin fiƙoƙi, ko a riƙe da hannu. Na biyu, duk lokacin da za a juya ta ɗaya gefen, a cire bututun daga jikin injin sa barci tukuna. In an juya da shi a haɗe yana iya yaga maƙogwaro, iska ta taru ƙarƙashin fata.

A kurkure bakin da kulohezidin, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 0.12 cikin 100. A ɗauki hoton eksire na dukan haƙora. Wani bincike da aka buga a 1998 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ya gano cewa hoto ya tono matsala mai muhimmanci a haƙoran da ido ya ga kamar lafiya lau a kusan kashi 28 cikin 100 na karnuka da kusan kashi 42 na kyanwoyi. Fiye da rabin haƙori a binne yake, wanda ba shi da hoto rabin aiki yake gani.

Sai kankara. Manyan dunƙulen kanta a fasa su da abin matsa, sauran a bi da injin kankara mai rawa. A kwantar da gefen bakinsa a jikin haƙori, ba tsininsa ba, ruwa na gudu, hannu ba nauyi, kada a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a haƙori ɗaya. In bai fita ba a wuce gaba a dawo, domin zafin injin yana kashe ɓargon haƙori, bayan watanni a ga ya sauya launi. Daga nan a shiga ƙarƙashin dasashi da makankarin hannu mai dakusasshen baki, a share har saiwa ta yi sumul. Wannan shi ne ainihin maganin. Sannan a goge da kofin roba da man gogewa a ƙaramin gudu, saboda kankara tana barin ƙananan karce da yauƙi ke saurin kamawa. A wanke ramin dasashi da ruwa don kada mai ya maƙale.

A bi kowane haƙori da tsinken awo mai alamar milimita, a zagaye shi ana rubutawa. Zurfin da bai wuce milimita 3 ba daidai ne a matsakaicin kare, a kyanwa kuwa bai kamata ya wuce 1 ba. A duba cikin fiƙar sama ta ɓangaren ganɗa da kyau, nan rami kan huda har hanci.

In za a cire haƙori, a fara da allurar kashe jijiyar wurin. In bufibaken ne maganin, kada jimillarsa ta wuce miligiram 2 ga kowane kilo a kare, rabin haka a kyanwa, kuma a ja sirinji baya kafin a tura. Haƙori mai saiwa biyu ko uku sai an raba shi da inji, a fitar da kowace saiwa daban. Babban haƙorin yanka na sama uku gare shi. A sa abin ɓamɓara a murɗa kaɗan, a riƙe daƙiƙa 10 zuwa 20, a sake, har haƙorin ya yi laƙo-laƙo, sannan a ɗauko filaya. Gaggawa ce ke karya saiwa, a ƙananan karnuka ma har muƙamuƙin ƙasa takan karya, inda ciwo ya riga ya cinye ƙashi. A sake hoto a tabbatar ba guntu, a ɗinke da zare mai narkewa ba tare da ja ba, in an ja ɗinkin zai ɓalle. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kowace dabba ke buƙatarsa ba, kuma ba ya maye gurbin cire ruɓaɓɓen haƙori. Maganin zafi kuwa kowace wadda aka cire wa tana buƙata, amma wanda likita ya rubuta. Farasitamol yana kashe kyanwa. A ba ta abinci mai laushi na kimanin mako biyu, a dawo a duba.

Abin da ya rage ga mai dabba

Burushi kullum. A fara da sa mata man a yatsa ta lasa, bayan kwana biyu a shafa dasashi da yatsa, sannan gauz, sannan burushi mai laushi. A karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goge ɓangaren waje, musamman fiƙoƙi da manyan haƙoran baya na sama. Ba sai an wage bakin ba, ɗaga leɓe ya isa. Man goge baki na mutane ba ya yi, dabba haɗiyewa take, wasu kuma suna ɗauke da zailitol, sinadarin zaƙi mai guba ga kare. Kada a fara burushi a bakin da ke ciwo, za ta tsane shi har abada, a bari a yi magani tukuna.

Ƙashi, ƙaho da kofato suna fasa babban haƙorin yanka na sama, fasasshen da ɓargonsa ya bayyana kuwa sai cirewa ko cike saiwa, jira ba ya warkar da shi. Abin taunawar da farce ba ya iya lotsawa ya yi tauri da yawa. A kwikwiyo kuma a leƙa bakin a wata 6 zuwa 7: in fiƙar nono tana nan tsaye kusa da sabuwa, a kai a cire ta kafin ta karkatar da sabuwar zuwa ganɗa.